Dangi sun gama yi mini godiya, ni kuwa ban ce na ba da ƙodar ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, kuma an sa ranar aurena bayan babbar salla. Yayana, wanda ya ɗauki nauyin karatuna tun rasuwar mahaifinmu, yau wata goma sha ɗaya ke nan yana wankin ƙoda sau biyu a sati. An sayar da fili, an sayar da motarsa. Likitoci sun ce dashe ne mafita. Mu huɗu aka ɗebi jininmu, aka ce nawa ne ya dace. Tun ranar Hajiyarmu take kuka tana sa mini albarka, dangi suna ta kira suna cewa Allah ya saka da alheri, amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce kin yarda? Da dare nakan kwana ina bincike a waya. Shafin wani asibiti a ƙasar waje ya ce babu haɗari ko kaɗan, kwana uku mutum ya miƙe. Wata a TikTok ta ce macen da ta ba da ƙoda ba ta ƙara haihuwa. Wani ya ce shekara biyar mutum yake yi ya bi layin wankin shi ma. An ba ni fom mai shafi shida da Turanci in sa hannu ranar Litinin. Ina son yayana har zuciyata. Amma ina tsoro, kuma ina jin kunyar tsoron. Wanda zan aura ma ban gaya masa ba. Don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki sa hannu ranar Litinin. Ban ce kada ki ba da ƙoda ba, ban kuma ce ki bayar ba. Cewa na yi wannan Litinin ɗin ta yi kusa. Mai wankin ƙoda yana wahala, na sani, amma injin yana riƙe da shi, kuma sati biyu ko uku da za ki ɗauka ki fahimci abin da za a yi wa jikinki ba su ne za su ɓata dashen ba. Ki je asibitin, ki riƙe fom ɗin a jaka, ki ce kina da tambayoyi tukuna.

Abin da ya faru a gidanku na gane shi sarai. An ɗauki shirunki an mai da shi amsa. Mu mun saba da haka: a maganar aure a kan ce shirun budurwa yarda ce, ta sunkuyar da kai, a yi guɗa. To wannan hukuncin bai shiga ɗakin tiyata ba. A nan ana son ki buɗe baki da kanki, bayan kin san abin da kike cewa, kuma a lokacin da ƙofar "a'a" take buɗe da gaske. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, abin da ke kan takardar tawada ce kawai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta shar'anta cewa ba a cire wani sashe daga jikin mai rai sai da yardarsa bayan an fahimtar da shi, ta hana a ɗauki irin wannan gaɓar daga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayarwa. Malamai ma nan suka tsaya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta a ɗauki gaɓa daga mai rai a dasa wa wani, da sharaɗin mai bayarwa cikakken mai hankali ne da ya yarda, cirewar ba za ta kashe shi ko ta tsayar masa da wani muhimmin aikin jiki ba, kuma ba ciniki aka yi ba. Halatta aka yi, ba a wajabta ba. Wanda ya bayar ya yi babbar sadaka. Wanda bai iya ba bai yi zunubi ba.

Shekarun baya na yi jinyar wani ɗan'uwana a sashen ƙoda na wani asibiti, kuma har yau akwai abin da bai bar idona ba. Wani saurayi ne a kan benci a baranda, ya ɗora fom a gwiwarsa, kawunsa yana tsaye a kansa riƙe da murfin biro, yana nuna masa da yatsa: nan, da nan, da nan. Yaron bai karanta layi ɗaya ba. Da ya gama ya miƙa takardar da hannu biyu, ya goge tafinsa a wando. Daga baya muka haɗu wajen mai shayi, ya tambaye ni cikin raɗa wai ita ƙodar tana sake tsirowa ne? Ba ta tsirowa. Wannan yaron ya sa hannu, amma a ganina ba a taɓa neman yardarsa ba.

Kin kuwa ji labarin Sanata Ike Ekweremadu. A 2023 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara tara da wata takwas, ta ɗaure matarsa da wani likita, kan kai wani matashi ɗan shekara 21 mai talla a titunan Legas domin a cire masa ƙoda a dasa wa 'yarsu. Mutane sun fi riƙe hukuncin, ni kuwa abin da ya fi tsaya mini shi ne inda abin ya fara warwarewa. Likita ne a asibitin Royal Free ya zauna da yaron, ya yi masa tambayoyi, ya lura bai fahimci abin da ya zo yi ba, ya ce ba za a yi ba. Ba ina kwatanta gidanku da wancan ba, Allah ya kiyaye. Naku ƙauna ce da ruɗewa, ba ciniki ba. Ina nuna miki ne cewa a wurin masu aikin nan na ƙwarai, fahimtar mai bayarwa ba ƙarin ado ba ce, ita ce sharaɗin farko. A Ingila sai wani mai tantancewa da ba ya cikin tawagar dashen ya gana da mai bayarwa shi kaɗai kafin a ba da izini. A Amurka dole asibiti ya ware wa mai bayarwa wakilinsa na kansa, wanda ba ruwansa da mara lafiyar. Ke ma ki nemi makamancin haka: ganawa da likita ke kaɗai, ba Hajiya, ba Yaya, ba kawu, kuma da Hausa in ita ce ta fi zauna miki. Ko da kina koyar da Turanci, Turancin fom ɗin asibiti wani yare ne daban.

Yanzu ga wayarki. Ban ga laifin binciken da kike yi ba, don wanda ba a gaya wa komai ba dole ya nema. Matsalar ita ce intanet kasuwa ce, kuma da ƙarfe biyun dare mutum ba ya tambayar waye mai rumfar. Shafin da ya ce miki babu haɗari ko kaɗan, ki gangara ƙasansa, za ki ga lambar WhatsApp da akwatin "nemi farashi". Wannan talla ne, sau da yawa ma ba na asibitin ba ne, na dillalan da ke kai marasa lafiya waje su karɓi la'ada. Dillali kuwa ba ya cewa akuyar tana tari. Ita kuma mai TikTok, kallo take nema, kuma tsoro ya fi gaskiya jawo 'yan kallo. Da kin tsaya kan bidiyo ɗaya na firgici, manhajar za ta kawo miki goma irinsa, har ki ɗauka duk duniya haka ake cewa. Duk shafin da kika buɗe, ki duba wa ya rubuta, yaushe, me zai samu in kin yarda, kuma ya faɗi illa ko kuwa zaƙi zalla ne. Shafukan hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, da na National Kidney Foundation ta Amurka suna faɗin daɗi da ɗaci tare, kuma ba su da abin sayar miki. Amma su ma da wata ƙasar suke magana, inda mai bayarwa yake da inshora da likitan da ke bibiyarsa shekara da shekaru. Ki ɗauke su a matsayin wurin tara tambayoyi. Amsar da ta shafe ki tana cikin sakamakon gwajinki.

Ga abin da aka sani, ba ƙari ba ragi.

Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, wannan ba shakka. Dashen farko da ya yi nasara an yi shi a Boston a 1954, tsakanin wasu tagwaye, kuma wanda ya bayar, Ronald Herrick, ya rayu har 2010, shekara 56 bayan aikin. A nan gida ma ba sabon abu ba ne. Asibitin St Nicholas na Legas ya fara a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo a 2002. Bayan an cire ɗaya, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki ƙarin aiki, har mutum ya koma kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tacewar da yake da shi a da. Wannan ya ishi rayuwa. Amma kin rasa ajiya, kamar mai tafiya ba tayar safaya.

Tiyatar kanta babba ce, da allurar barci, kuma maganar kwana uku a miƙe ƙarya ce mai kama da gaskiya. Ana iya sallamarki cikin 'yan kwanaki, amma warwarewa sati huɗu zuwa shida ce, wani lokaci fiye, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ga gajiya da ciwon wurin ɗinki. Mutuwa a dalilin aikin tana faruwa amma da wuya ƙwarai: alƙaluman Amurka da aka daɗe ana ambata sun ce kusan mutum 3 cikin 10,000, na baya-bayan nan ma sun nuna ƙasa da haka. Sai dai alƙaluman asibitocinsu ne. Ki tambayi naki asibitin nasa: dashe nawa suka yi bara, masu bayarwa nawa suka samu matsala, buɗe ciki za a yi ko ta ƙananan huji da kyamara, kuma wa zai yi aikin. Ba rashin kunya ba ne. In tela za ki ba ɗinkin biki sai kin ga aikinsa.

Mai cewa shekara biyar za ki bi layin wanki ya yi ƙarya. Amma wanda ya ce haɗarin sifili ne shi ma ya yi. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2014, kan masu bayarwa kusan 96,000, ya ƙiyasta cewa cikin shekara 15 kusan 31 cikin 10,000 ƙodarsu takan gaza, alhali a cikin masu lafiya irinsu da ba su bayar ba kusan 4 ne. A cikin baƙaƙen fata da suka bayar adadin ya kai kusan 75 cikin 10,000. Ki lura, har yanzu ƙasa da mutum ɗaya ne cikin 100. Ƙaramin haɗari ne, amma ya ninka na wanda bai bayar ba, kuma ke kina da shekara 27, wato da yardar Allah ƙodar nan ɗaya za ta yi miki aikin shekara arba'in ko hamsin, ba sha biyar ba. Akwai kuma wani abu da shafukan talla ba sa ambata. Wasu sauye-sauye a ƙwayar gado da ake kira APOL1 suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma sun fi yawa a mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne. Ke da Yaya cikinku ɗaya. Don haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: me ya kashe ƙodarsa? In hawan jini ne, ko ciwon suga, ko abin da ke bin jini a gida, to lissafinki ya bambanta da na baƙon da ya bayar. Kin ce ku huɗu aka gwada. Ki ji dalilin da ya sa aka cire sauran ukun. In rukunin jini ne kawai, shi ke nan. In an samu hawan jini a biyu daga ciki, wannan labari ne game da gidanku gaba ɗaya, har da ke.

Wannan ya kawo ni kan kalmar "ya dace". Sau da yawa abin da dangi ke nufi da ita shi ne rukunin jini ya yi daidai, shi kuwa matakin farko ne kawai. Akwai gwajin haɗa jinin ku biyun a ga ko jikinsa zai yaƙi ƙodarki, akwai awon hawan jini da suga, gwajin fitsari, awon ƙarfin tacewar ƙoda, hoton ƙodojin da jijiyoyinsu, gwajin ciwon hanta da ƙanjamau, da duba zuciya. Mutane da yawa a nan ake tsayar da su. Mai yiwuwa an yi miki godiya kan abin da likita bai ma tabbatar zai yiwu ba.

Sai haihuwa, wadda na san ita ce ta fi hana ki barci. Ba da ƙoda ba ya hana ɗaukar ciki. Mata da yawa sun bayar sun haihu lafiya. Abin da ke gaskiya shi ne haɗarin hawan jinin masu ciki, da wanda ke kai wa ga jijjiga, yana ƙaruwa. Wani bincike a lardin Ontario na Kanada ya same shi a kashi 11 cikin 100 na cikin da masu bayarwa suka yi, a kan kashi 5 na waɗanda ba su bayar ba. Mafi yawansu ba su samu matsala ba. Amma Kanada ke nan, inda ake awon ciki a kan kari. Ke ki tambayi kanki ina za ki zauna bayan aure, kuma yaya nisanki da asibitin da zai iya kula da mai ciki mai ƙoda ɗaya. Likitoci kuma sukan ce a jinkirta ɗaukar ciki bayan aikin, galibi wata shida zuwa shekara. Amarya a ƙasar Hausa ta ce za ta jinkirta shekara guda, kin san surutun da zai biyo daga dangin miji. Shi ya sa ɓoye wa angon ba zai yiwu ba. Ba izininsa kike nema ba, ba a ɗaura ba tukuna, jikin kuma naki ne. Amma zai ga tabo, zai zauna da sakamakon, kuma gara ya ji daga bakinki yanzu da ya ji a bakin wata gwaggo ana saura sati biki. Yadda zai karɓi maganar ma zai nuna miki wani abu game da shi da lefe ba zai nuna ba.

Bayan aikin akwai ƙananan dokoki na har abada. Awon hawan jini da gwajin ƙoda duk shekara. Ban kwana da diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis kamar alewa, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, har da na gyaran amare da za a fara ɗura miki kwanan nan, da mayukan bilicin. Azumi a zafin Kano kuma sai kin yi shawara da likitanki, musamman shekarar farko. Ki tambaya a fili: wa zai biya kuɗin wannan bibiyar, kuma in matsala ta taso bayan shekara uku wa zai ɗauki nauyi? Gidan da ya sayar da fili da mota saboda mara lafiya ɗaya, da wuya a ce an ware wani abu domin mai lafiyar da za a yanka. A kan manta da mai bayarwa da zarar an sallame shi, duk ido ya koma kan wanda aka dasa wa.

Shi ma Yaya akwai lissafinsa, kuma haƙƙinki ne ki sani tunda ƙodarki ce za ta shiga. Dashe ba warkewa ba ne gaba ɗaya. Zai sha magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙodar kullum har ƙarshen rayuwarsa, suna da tsada, kuma in aka yi wasa da su na ɗan lokaci ƙodar tana iya lalacewa. Ƙodar mai rai takan yi shekara 15 zuwa 20 a matsakaici, wata ta fi, wata kuma jiki ya ƙi ta da wuri. In kuɗin da aka tara na tiyata ne kawai, ba a yi tanadin maganin wata-wata ba, to a zauna a yi wannan lissafin kafin a taɓa ki. In kuwa an yi shi, gaskiya ita ce dashe yakan ba mutum tsawon rai da walwala fiye da wanki nesa ba kusa ba, kuma abin da za ki ba shi ba ƙarami ba ne. Na san waɗanda suka bayar suke cewa ba abin da suka taɓa yi da ya kai shi daɗi a zuciya. Ban ɓoye miki wannan ɓangaren ba don kada ki ɗauka ina jan ki baya.

Game da kunyar tsoro: wanda za a yanka bai ji tsoro ba, shi ne abin a duba. Kuma kuɗin makarantar da Yaya ya biya alheri ne, ba bashin da ake biya da gaɓa ba. Ɗan'uwa rabin jiki, haka ne, amma in kin bayar don ana kallonki, duk ranar da wurin ɗinkin ya motsa za ki ji haushinsa, shi kuwa bai ci wannan ba.

In kin gama jin komai zuciyarki ta ce a'a, akwai hanyar da ba sai kin tsaya gaban Hajiya kin furta ba. Kina da damar janyewa a kowane lokaci, ko an sa hannu, ko an sa rana, har zuwa kafin a yi miki allurar barci. Abin da kika gaya wa likita sirri ne, kuma a ƙa'idar aikin tawagar dashe takan gaya wa dangi cewa wannan mai bayarwar ba ta dace ba, ba tare da faɗin dalili ba. Ki tambayi likitan tun a ganawar farko ko haka suke yi. In kuma zuciyarki ta ce e, to ki koma kan fom ɗin nan mai shafi shida da biro a hannu, ki ja layi ƙarƙashin duk abin da ba ki gane ba, a fassara miki shi ɗaya bayan ɗaya, ki nemi kwafinki, ki yi istihara, sannan ki sa hannu.

Abu ɗaya na lura babu a wasiƙarki. Kin faɗi abin da Hajiya ta ce, da na dangi, da na mutanen waya, amma ba ki faɗi abin da Yaya ya ce ba. Ina zargin ba ku taɓa maganar ku biyu ba, shi yana jin nauyinki, ke kina jin nauyinsa. Ranar wankinsa na gaba ki ce ke za ki raka shi. Awa huɗu ne a kan injin, ba inda za shi, Hajiya kuma tana gida. Ki ja kujera kusa da hannun da ba a sa wa allura ba, ki ce masa, "Yaya, ina tsoro." Ki ji me zai ce, sannan ki sake rubuto mini.